Babi na Shida: Amanar 'Ya'yan Mutane a Tsakiyar Tafki

A can arewacin jihar Minesota ta Amurka, daf da iyakar Kanada, akwai wani ɗan gari mai suna Ely, mutanensa ba su wuce dubu uku da 'yan kai ba. A da haƙar tama ce sana'arsa, har aka rufe ramin ƙarshe a 1967. Yau ruwa ke ciyar da garin. Daga bayan gari dajin da ake kira Boundary Waters ya fara, wato ruwayen kan iyaka, fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 4,400 wanda tafkuna sama da 1,100 suka cika, wannan na zuba cikin wancan. Inda na Amurka ya tsaya, gandun Quetico na lardin Ontariyo ya ɗora, kusan girmansu ɗaya. Ba titi a ciki, ba wutar lantarki, ba kanti, kuma a yawancin tafkunan doka ta hana jirgi mai inji shiga. Dokar kare dazuzzuka ta 1964 da wata ta musamman da aka yi wa wurin a 1978 su suka tabbatar da haka, amma sai da aka kai ruwa rana da masu saran itace da masu gidajen saukar baƙi. Marubuci Sigurd Olson, wanda ya fara a matsayin malamin makaranta mai jagorar kwalekwale in an ba da hutu, yana kan gaba cikin masu cewa a bar dajin yadda yake, kuma a 1977 mutanen garinsa suka rataye mutum-mutuminsa saboda haka. Yanzu dai yawancin masu son shiga sai sun shiga da kwalekwale da filafili, ɗauke da abincinsu da makwancinsu.

Tun Nuwamba tafkunan ke daskarewa, ƙanƙara ba ta sakin su sai ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu. Makarantu kuwa a Yuni suke ba da dogon hutu, su koma ƙarshen Agusta ko farkon Satumba. Wannan ɗan tsakanin, wata uku ba cika ba, shi ne duk lokacin da sana'ar ke da shi. A cikinsa ne samari da 'yan mata, galibi ɗaliban jami'a da ba su daɗe da haura shekara ashirin ba, ke kwararowa sansanonin da ke bakin dajin neman aikin jagora. Cin rani ne sak, sai dai su bazara suke ci: a zo a yi aiki ba ji ba gani, a kwana inda dare ya yi, a tara ɗan abin da aka tara, lokaci na juyawa a watse. Abin da ake damƙa wa wannan ɗan cin rani kuwa 'ya'yan mutane ne, shida ko bakwai, ya shige da su inda waya ba ta kamawa, ya yi kwana biyar, ko goma, ko arba'in, ya dawo da su cif, ba wanda ya yi ciwon kai.

Al'adar ta haura shekara ɗari. Sansanin Keewaydin, wanda aka kafa a 1893, tun farkon ƙarni na ashirin yake a tafkin Temagami na Ontariyo, kuma har yau da kwalekwalen katako mai rufin tamfol yake tafiya. Manyan yaransa kan tuƙa har gaɓar Hudson Bay. Taylor Statten ya buɗe Ahmek a gandun Algonquin a 1921, inda Pierre Trudeau ya zauna yana saurayi, tun kafin ya yi mafarkin zama firaministan Kanada. 'Yan sikawut na Amurka sun fara kai yara ruwayen kan iyaka a 1923, ƙungiyar YMCA ta kafa Widjiwagan kusa da Ely a 1929. A irin waɗannan wurare hawa-hawa ake yi. Yaro kan fara da 'yan kwanaki a tafkunan kusa, baɗi a ƙara masa, har in ya kai shekara goma sha bakwai ko sha takwas a tura shi tafiyar sama da wata guda a kogunan arewa mai nisa, inda itace ma ba ya tsiro. Wanda ya hau tsanin har ƙarshe shi ake sa ran zai dawo ya ja na bayansa.

Kwalekwalen kansa da hanyoyin da ake bi ba na waɗannan sansanoni ba ne. Mutanen Ojibwe da danginsu, 'yan asalin ƙasar, su suka ƙera jirgin da ya dace da wurin: ɓawon itacen birch a kan haƙarƙarin katako marar nauyi, a ɗinke da saiwa, a toshe da ƙaro, mutum ɗaya ya iya saɓa shi a kafaɗa in ruwa ya ƙare. Turbobin da ke haɗa tafki da tafki ƙafafunsu ne suka fitar da su, kuma zanen da suka yi da jar ƙasa na nan a jikin duwatsun bakin ruwa, kamar na tafkin Hegman. Daga baya 'yan dakon kamfanonin fata suka bi sawunsu, yawancinsu Faransawan Kanada. Ƙunshin kaya ɗaya nauyinsa kilo 41 ne, kowane mutum biyu yake ɗauka a tashi ɗaya, kuma turbar Grand Portage da ke haura su daga babban tafkin Superior ta kusa kilomita 14. Ƙaba ta kashe da yawa daga cikinsu.

Akwai abin da ba ya daɗin ji a tarihin nan. A shekarun da 'ya'yan masu hali na Toronto da Boston ke zuwa daji suna sa gashin tsuntsu a ka, suna kiran sansanoninsu da sunayen Ojibwe, a daidai lokacin gwamnatin Kanada ke kwashe 'ya'yan masu ƙasar na ainihi tana tura su makarantun kwana don a raba su da harshensu da dajinsu. Kimanin yara 150,000 aka yi wa haka, kuma sai cikin shekarun 1990 aka rufe makarantar ƙarshe. Jagora na ƙwarai a yau ba ya wuce gaban zanen dutse bai faɗa wa yaransa ko a ƙasar wa suke ba. Sansanoni da dama sun daina wasan kwaikwayon gashin tsuntsu, ko da yake wasu sai da aka yi ta yi da su.

Aikin yini kuwa ba shi da wani ado. Jagora ne farkon tashi, don da sassafe ruwa ke kwance, iska sai rana ta ɗaga take tasowa. A dama kunun alkama ko na hatsin oat, a naɗe tanti, a cusa komai cikin manyan jakunkunan nan masu faɗi da wani Camille Poirier ya yi wa rajista a garin Duluth a 1882, a shiga ruwa. Na gaba shi ke ba da ƙarfi yana duban duwatsu, na baya shi ke riƙe da akala, yana murɗa filafili a ƙarshen kowane bugu don kada hancin jirgin ya karkace. Yaron da bai iya wannan murɗawar ba, zai yini yana zagaye a tsakiyar tafki abokansa na dariya. In an kai ƙarshen ruwa sai dako. A taswirar wannan yanki ana auna turba da wani tsohon ma'auni mai suna rod, kimanin mita biyar, kusan tsawon kwalekwale ɗaya. Turba mai rod 80 mita 400 ce, mai 320 ta wuce kilomita ɗaya da rabi, ga taɓo, ga santsin dutse, ga sauro da wasu ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu cizo har jini ya fito. Kwalekwalen zamani na Kevlar bai fi kilo 20 ba. Na alminiyam, irin wanda kamfanin Grumman mai ƙera jiragen yaƙi ya fara yi a ƙarshen yaƙin duniya na biyu, ya haura kilo 30, na katako kuma in ya sha ruwa ya fi haka. Akan kifa shi a ka, sandar tsakiya ta zauna a kafaɗu, mai ɗauka ba ya ganin komai sai ƙafarsa da 'yan taku kaɗan a gabansa.

Doka a ɓangaren Amurka ta ƙayyade ayari: mutum tara, jirgi huɗu, ba ƙari. An hana shiga da gwangwani da kwalba. Ba a sauka sai a zangon da hukuma ta ware, kusan 2,000 ne a faɗin dajin, kowanne da murhun ƙarfe da masai a bayan itatuwa, kuma wanda ya riga isa shi ke da wuri. Don haka jagora ke son a sauka tun la'asar ba ta yi ba. Daga nan a nemo itace, a tace ruwan sha ko a tafasa shi saboda ƙwayar cutar gudawa, a yi girki, a wanke kwanuka nesa da bakin tafki, a rataye jakar abinci a reshe mai tsawo ko a kulle ta cikin ganga saboda baƙar beyar, dabbar da hancinta ba ya kuskuren ƙanshin abinci. Bayan kowa ya kwanta jagora zai duba ƙafar mai kanta, ya ba mai shan magani maganinsa, ya rubuta abin da ya faru a yinin, sannan ya kwanta kunnensa na waje.

Duk wannan ana koyonsa cikin makonni. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne riƙe hannu. Jagora ya fi kowa iya hura wuta da ɗanyen itace, ya fi kowa saurin kafa tanti, kuma da zai yi komai da kansa da an ci abinci tun da haske. To amma iyaye ba su biya kuɗi don a yi wa ɗansu hidima ba. Sai ya zauna yana kallon yarinya 'yar shekara goma sha uku tana ƙone ashana ta goma, cikinsa na kukan yunwa, ya yi shiru. Sai ya ga mai riƙe da taswira ya nufi da ayari cikin lungun da ba ya ɓullewa, ya san sarai awa guda za a yi asara, ya ƙyale, muddin sama garau take kuma akwai sauran rana. Tambayar da yara suka fi yi ita ce, “Saura nawa mu isa?” Amsar tsofaffin hannu ba ta canzawa: “Ga taswira, ga kamfas, kai za ka gaya mana.” Yaron da aka ɓatar da ayari a hannunsa, ya gano kuskurensa da kansa, ya juyo da mutane, ya samu abin da ba a iya ba shi da baki.

Yawancin makarantun wannan aiki a kan haka suka tsara tafiya. Kwanakin farko jagora ke gaba, yana nunawa. A tsakiya ya koma gefe, kullum a naɗa yaro ɗaya ya zama madugun yinin, shi zai ce a tashi, shi zai ce a huta, shi zai raba kaya. A kwanakin ƙarshe jagora kan koma can baya, wani lokaci ma jirginsa na bin su daga nesa, ba ya sa baki sai in rai na cikin haɗari. Wasu kuma kan ware wa kowane yaro wani ɗan wuri a bakin ruwa ya zauna shi kaɗai, daga 'yan awoyi har zuwa kwana uku, da ɗan guzuri da takarda da alƙalami. Ga yaron da tun tasowarsa waya ke hannunsa, wannan zaman kan fi dako wuya.

Rigima kuwa dole ce, kuma kusan kullum wajen kwana na uku ko na huɗu take fashewa, lokacin da kunya ta ƙare, gajiya ta taru. Ba ta wuce kan abu biyu: wane ne ya ɗebi abinci fiye da rabonsa, wane ne kullum ke zaɓar jaka marar nauyi. A gida yaro zai shige ɗaki ya rufe ƙofa. A nan wanda ka zaga da rana shi za ka kwana da shi tanti ɗaya, gobe kuma shi zai riƙe maka jirgi ka shiga. Jagora mai wayo ba ya gaggawar yanke hukunci. Yakan tara su bayan cin abinci, kowa ya faɗi abin da ke ransa, sauran su saurara har ya gama. Akwai kuma abubuwan da ba a kawowa gaban taro: mai kukan gida cikin dare, mai fitsarin kwance da ke tsoron a gane, yarinyar da ta fara ganin al'ada karo na farko a tsakiyar daji, yaron da sai a kwana na takwas, suna tuƙi su biyu da abokinsa a gaba, zai ce iyayensa na shirin rabuwa. Wanda ake kawo wa waɗannan duka bai fi su da shekara shida ko bakwai ba. A ganina wannan kusancin shekaru na cikin sirrin aikin. Yaro kan faɗa wa yayansa abin da ba zai faɗa wa babansa ba, kuma yakan kwaikwayi wanda yake ganin zai iya kamo shi.

Tunanin cewa wahala na gyara matashi yana da uba a wannan fage, shi ne Kurt Hahn, malami Bajamushe Bayahude da ya bar ƙasarsa a 1933 bayan 'yan Nazi sun tsare shi. A 1941 shi da mai kamfanin jiragen ruwa Lawrence Holt suka buɗe makarantar Outward Bound a Aberdyfi da ke Wales. Labarin da makarantar ke bayarwa shi ne, in jirgin kasuwa ya nutse a yaƙi, matasan ma'aikata sun fi dattawa saurin sallamawa a cikin jiragen ceto, duk da ƙarfin jikinsu, don ba su taɓa sanin iyakar abin da za su iya jurewa ba. Reshenta na Minesota ya buɗe kusa da Ely a 1964. Wannan tunani ya iso mu tun kafin ya isa can: a 1951 Alec Dickson ya kafa cibiya irinta a Man O' War Bay, kusa da garin da yanzu ake kira Limbe a Kamaru, ita ce ta haifi cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanci ta Najeriya mai makaranta a duwatsun Shere kusa da Jos. Duk wanda 'yan Man O' War suka sa shi hawan igiya a sansanin bautar ƙasa, ya ɗanɗani koyarwar Hahn ko bai san sunansa ba.

Sai dai tunanin na da kaifi biyu, kuma Kanada ta ga ɗaya kaifin ranar 11 ga Yuni, 1978. Wata makarantar kwana ta 'yan maza, St. John's ta Ontariyo, wadda ta yi suna wajen horo mai tsanani, ta tura yara 27 'yan shekara 12 zuwa 14 da manya huɗu cikin manyan kwalekwale huɗu, da nufin su tuƙa daga tafkin Timiskaming har James Bay. Cikin dare aka yi tafiyar mota, ba wani barcin kirki, da safe aka shiga ruwa. Yaran ba su taɓa filafili ba tun kakar bara. Da rana iska ta taso a kan dogon tafkin, jirgi ɗaya ya kife, sauran suka kife ɗaya bayan ɗaya, wasu garin ceto. Kowa na sanye da rigar kariya, kuma ba ta hana komai ba, domin ruwan farkon Yuni a wannan yanki bai daɗe da rabuwa da ƙanƙara ba. Yara goma sha biyu da babba ɗaya suka mutu, sanyi ne ya kashe su. Mai binciken mace-mace na lardin Kwibek bai ɗora wa kowa laifin kisa ba, amma ya nuna cewa ba a binciki hanya ba, ba kayan ceto, ba shirin ko-ta-kwana, kuma tafiyar gaba ɗaya gwaji ce da ta wuce kima ga yara masu waɗannan shekaru, ba tare da wata fa'ida ba. James Raffan, wanda shi ma tsohon jagora ne, ya rubuta littafi a kan lamarin a 2002, kuma masu koyon aikin na karanta shi har yau.

Manyan da suka ja wannan tafiya ba mugaye ba ne. Sun yi imani ne cewa duk abin da ya yi wuya alheri ne ga yaro, har suka kasa bambance wahalar da ke koyarwa da haɗarin da ke kashewa. Dako cikin ruwan sama, kwana da jiƙaƙƙen bargo, cin tuwon da ya ƙone, duk waɗannan yaro zai sha ya tashi da labari. Tsallaka faffaɗan tafki mai sanyi iska na kaɗawa ba ya koya wa kowa komai, caca ce kawai. Ruwa na zuƙe ɗumin jiki ninki ashirin da wani abu fiye da iska. Gordon Giesbrecht na Jami'ar Manitoba ya taƙaita abin da ke faruwa da wanda ya faɗa ruwan ƙanƙara: minti ɗaya na farko numfashi ke ƙwacewa, sai kimanin minti goma da hannu da ƙafa ke iya aiki, sannan wajen awa guda kafin hankali ya gushe. Minti goman nan su ne duk jarin da ayari ke da shi.

Saboda haka jagoran yau ana gwada shi kafin a ba shi yara. Yakan yi kwas ɗin agajin gaggawa na daji mai awa 70 zuwa 80, inda ake koyon ɗaurin karaya da kula da majinyaci kwana da kwanaki kafin taimako ya iso. Yakan koyi ceto a ruwa, a kifar da jirgi da gangan a tsakiyar tafki a ce ya tayar da shi. Ana gwada iyon kowane yaro, ana ba ayari wayar tauraron ɗan'adam ko na'urar kiran agaji, ana ajiye taswirar hanya a sansani da wuraren da za a iya fitar da marar lafiya. Amma takarda ba ta yanke shawara. Jagora ne zai tsaya a bakin ruwa ya dubi farin kumfa a kan igiyoyi ya ce yau ba inda za mu, alhali abinci ya kusa ƙarewa, mota na jira jibi, yaran kuma na roƙo a tafi. Ɗan shekara ashirin da ɗaya da zai iya cewa a'a a irin wannan wuri, ya jure fushin yaran da yake so su so shi, shi ne wanda masu sansani ke nema ruwa a jallo.

Ko an yi komai daidai daji na da nasa. Ranar 4 ga Yuli, 1999, guguwa mai gudun sama da kilomita 140 a awa ta ratsa ruwayen kan iyaka ta kwantar da miliyoyin itatuwa, mutane kusan sittin suka jikkata, Allah ya sa ba a rasa rai a cikin dajin ba. A Yulin 2016 wata guguwar dare ta kayar da itatuwa a kan zangon 'yan sikawut a tafkin Basswood, yaro ɗaya da wata mata cikin masu rakiya suka rasu. Shi ya sa kafin a kafa tanti jagora ke ɗaga kai ya dubi rassan da ke sama.

Akwai kuma haɗarin da ba daga ruwa ko iska yake zuwa ba. Wurin da ba idon iyaye, ba waya, yara kuma na ganin babba kamar gwarzo, wuri ne da mai mugun nufi ke so. A Fabrairun 2020 ƙungiyar sikawut ta Amurka ta je kotu ta ce ta karye, saboda ƙararrakin lalata da yara da suka taru a rassanta cikin shekaru masu yawa. Sama da mutum 82,000 suka shigar da koke, aka ware fiye da dala biliyan biyu don biyan diyya. Ƙa'idojin da ake bi yanzu daga irin wannan ɓarna suka fito: a binciki tarihin duk wanda za a ɗauka, manya biyu a kowane ayari, kuma babba ba ya keɓewa da yaro inda ba mai ganinsu. Ko hirar sirri ce, a yi ta a kan dutse inda sauran ke hangowa. Wasu tsofaffin jagorori na ƙorafin cewa an sa zargi tsakanin yaro da malaminsa. Ƙorafin nasu ba ya kama ni, in aka dubi abin da amincewa ba bincike ta jawo.

To nawa ake biyan mai ɗauke da wannan kaya? Kaɗan. Dokar ƙwadago ta tarayyar Amurka ta tsame sansanonin da ba sa aiki fiye da wata bakwai a shekara daga dokar mafi ƙarancin albashi da kuɗin ƙarin lokaci, a Ontariyo ma ɗalibin da ke aiki a sansanin yara ba ya cikin masu wannan haƙƙi. Akan biya da mako ko da kaka gaba ɗaya, a haɗa da ci da kwana, kuma in aka raba kuɗin da awoyin da mutum ke kan aiki, wanda a daji dare da rana ne, mai soya dankali a gari ya fi shi samu. Sau da yawa ma jagora ne ke biyan kuɗin kwas ɗin agajin daga aljihunsa. Abin da wannan ke haifarwa a fili yake. Wanda zai iya sadaukar da hutunsa a kan ɗan wannan kuɗi galibi ɗan gidan da ba a jiran kuɗinsa ne, kuma yaran da iyayensu ke iya biyan dubban daloli don tafiyar makonni su ma daga irin gidajen suke. Da'irar na juyawa a wuri ɗaya. Akwai masu ƙoƙarin fasa ta, kamar Wilderness Inquiry da aka kafa a Miniyapolis a 1978 don kai naƙasassu da yaran cikin birni kan ruwa, da asusun tallafi da manyan sansanoni ke tarawa daga tsofaffin ɗalibansu, amma har yanzu fuskokin da ake gani a kan turba ba su yi kama da na makarantun birnin ba.

Babbar asarar tana wani wuri. Iya karanta sama, da sanin yaron da shirunsa na gajiya ne da wanda shirunsa na ciwo ne, ba sa samuwa sai an yi kaka uku ko huɗu. Daidai lokacin da mutum ya nuna, lokacin ne karatu ke ƙarewa, bashin jami'a ya taso, ana bukatar aiki mai inshorar lafiya. 'Yan kaɗan kan haɗa shekara da guntu-guntu: bazara a kan ruwa, hunturu a wuraren wasan dusar ƙanƙara ko jan keken karnuka a Ely, wasu su gangara kudu inda ruwa ba ya daskarewa. Mafi yawa kan koma koyarwa, ko aikin jinya, ko ofis, su bar wurin ga sabon hannu. Sansanoni na rage zafin abin ta hanyar haɗa sabo da tsoho a ayari ɗaya, da ajiye rahoton kowace tafiya, inda wanda ya bi hanya bara ya rubuta turbar da ta toshe da gangaren ruwan da bai kamata a bi da jirgi ba. A Keewaydin da irinsa akwai rahotannin da suka girmi iyayen masu karanta su.

A ƙarshen Agusta akan wanke jirage, a liƙe waɗanda dutse ya huda, a jera su a rumfa, a shanya tantuna, a ƙirga filafilai. Kafin Janairu masu sansani sun fara buga waya, kuma waɗanda suke fara nema su ne na bara, ko za su yarda su ƙara kaka ɗaya. A Larabar ƙarshe ta watan Janairu hukumar gandun daji ke buɗe rajistar izinin shiga na sabuwar shekara, kuma mashigan da aka fi so kan ƙare tun a ranar farko, tun ba a san wanda zai ja ayarin ba.